Zare Biyun da Ɗayyaba Ta Ara Mana

Sunana Munzali, aikina jan wayar intanet, irin wadda ake kira faiba. Shekara shida na yi ina wannan aiki a Abuja da wani kamfani mai suna Walƙiya, kafin su yanke shawarar shigowa Kebbi. Da yake ni haifaffen Badariya ne a Birnin Kebbi, sai aka ce in koma gida in shugabanci ma'aikatan fili. Aka haɗa ni da manaja, Alhaji Abdussamadu, mutum mai zafin nama wanda ko abinci a tsaye yake ci.

Ga wanda bai taɓa ganin faiba ba, kebul ne baƙi, kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba. In aka fere shi, a ciki akwai zaren gilashi sirara kamar gashin kai, kuma haske ne ke bi ta cikinsu ya kai saƙo. Gidan da aka ja wa ita ya huta da ɗaga waya sama ana neman sabis. Mutum biyar za su iya kallon abu biyar a lokaci ɗaya, babu wanda hotonsa zai tsaya yana juyi.

Mun zo da zaton garin namu ne mu kaɗai. Sai muka tarar da Gulbi.

Gulbi ƙaramin kamfani ne. Ofishinsa shago biyu ne a Gwadangaji, motarsa ɗaya ce akori-kura, ma'aikatansa ba su kai goma ba. Mai shi mace ce, Injiniya Ɗayyaba Maliki, 'yar Argungu, ɗiyar masunci. Ta yi karatun injiniya, ta yi aiki da wani kamfanin sadarwa shekaru, sannan ta dawo gida ita da mijinta ta kafa nata. Kafin mu zo ta riga ta haɗa gidaje wajen ɗari uku. Alhaji Abdussamadu da ya ji haka dariya ya yi, ya ce kafin azumi za ta rufe shago.

Ranar da na fara ganinta, na je Gwadangaji ne muna ɗaura allunan talla. A gindin wata falwaya na hango mace zaune kan tabarma, an kafa mata lema, ta ɗora rigar aiki mai ƙyalli a kan hijabinta. Na'urar haɗa faiba tana gabanta. Na tsaya daga nesa kamar ina duba allo, amma hannunta nake kallo. Haɗa zare biyu aiki ne na haƙuri: a fere, a goge, a yanke daidai, a jera a cikin na'ura ta narka bakinsu su zama ɗaya. Ƙura ɗaya ta hau, an ɓata. Na ga ƙwararru da yawa a Abuja, amma ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nata ba. Zare goma sha biyu ta haɗa a gabana, ko ɗaya ba ta sake ba.

Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Kai na Munzali na Walƙiya, ko? Matso inuwa, rana ta yi."

Na matsa ina jin kunya. Muka gaisa, ta tambaye ni mutanen Badariya, ashe ta san yayata.

"Sannu da dawowa gida," in ji ta. "Abu ɗaya nike roƙonku, ku yi aiki mai kyau. Mutanen ga sun sha ƙarya wajen masu intanet. Da ƙyar na samu sunka yarda da ni."

Na ce mata in sha Allahu, na tafi. A raina na ce wannan ba za ta rufe shago kafin azumi ba.

Daga nan aka shiga gasa ta gaske. Muka yi hayar keke napep uku da lasifika suna zaga gari suna shelar cewa Walƙiya ta kawo intanet mai gudun giga ɗaya har cikin ɗaki. Bayan sati biyu Gulbi ma ta kai giga ɗaya. Muka ce za mu ja wa kowa waya zuwa gida kyauta. Ita kuma ta ce duk wanda intanet ɗinsa ya lalace da safe, kafin magariba an gyara, kuma lambar da ta bayar ta kira tata ce ta kanta. A teburin mai shayi samari suka mai da abin wasa, kowa ya buɗe wayarsa ya nuna hoton gwajin gudun gidansu, 'yan Walƙiya gefe, 'yan Gulbi gefe, kamar masu gardamar ƙwallo. Mun ci Badariya da unguwannin ma'aikata. Gwadangaji kuwa ta gagare mu, kusan duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa sai a ce, "Muna da Injiniya."

Wata rana a watan Maris Alhaji Abdussamadu ya kira ni ofis, ya shimfiɗa taswira a tebur ya ɗora yatsa kan Argungu.

"Nan babu kowa tukuna," in ji shi. "Wanda ya fara isa, shi ya ci garin. Na ji ita ma ta sayi kebul. Munzali, ina so mu riga ta, ko da kwana ɗaya ne."

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kilomita hamsin ce da wani abu. Mu muka ɗauko injin haƙa, muna bin gefen titi muna tona rami muna binne kebul, a rana muna cin kilomita ɗaya ko fiye. Ɗayyaba ba ta da injin. Leburori ta ɗauka daga ƙauyukan hanya, wani wuri su tona, wani wuri su kafa falwaya su rataye kebul a sama. Kullum da safe in na wuce da mota sai in ga mun ƙara ba ta rata.

Can bayan an wuce rabin hanya akwai wani kwari da mutanen wurin ke kira Rafin Giginya. Titi ya ratsa shi a kan kwalbati. A watan Afrilu ba ka ganin komai a wurin sai busasshiyar laka da ta tsattsage, da karan shinkafar bara. Ranar da injinmu ya iso bakin kwarin, na tarar da motar Gulbi a ajiye, alhali aikinsu yana can baya da nisa. Ɗayyaba na cikin kwarin tana tafiya a ƙasa tare da wani dattijo dogo, siriri, mai farin gemu, yana riƙe da sanda. Mahaifinta ne, Baba Maliki. Shekara hamsin ya yi yana su a gulbin Rima.

Na sauka na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi injinmu, ya dubi layin da muka ja da farar ƙasa a gefen kwalbatin.

"Ɗana, nan za ku gina ramin ga?"

"Nan ne, Baba."

Ya ce in biyo shi. Ya kai ni gindin wata giginya, ya ɗaga sandarsa ya nuna mini wani zobe baƙi a jikinta, sama da kaina.

"Shekara huɗu da sunka wuce, nan ruwa yat tsaya. Ni da jirgina na bi ta inda kake tsaye yanzu. In gulbi ya cika, ta kwarin ga yake juyowa, kuma da ƙarhi yake zuwa, ƙasar gehen titi dut yake kwashewa. Ba kowace shekara ba. Amma bana ina jin tsoro nai."

Na dubi Ɗayyaba. Ta ce, "Ni zagayawa zan yi. In hau tudun can, in bi bayan ƙauyen, in sauko titi gaba. Kilomita huɗu ƙari, dut a sama kan falwaya. Ban ɓoye maka ba, Injiniya. Ku ma ku zagaya."

Da yamma na kai wa Alhaji Abdussamadu maganar. Ya buɗe takardun da masu awo suka ba mu daga Abuja, ya nuna mini babu inda aka ce wurin yana da haɗari. Ya ce zagaye zai ci mana sati uku. Ya kuma ce wa ya sani ko dabara ce ta jinkirta mu. Gaskiya ita ce ban matsa ba. Ni ma ina son mu riga ta. Na ce a ƙara zurfin ramin a zuba kankare a kai, na lallashi kaina cewa hakan ya isa.

Ƙarshen watan Mayu muka shiga Argungu. Aka kafa rumfa, aka kira makaɗa, aka ɗora babbar talabijin mutane suna kallon fim yana saukowa cikin ƙiftawar ido. A wata ɗaya muka haɗa gidaje fiye da ɗari biyu. Cikinsu akwai gidan Malama Asiya, wadda ni da hannuna na ɗaura mata rauta, ɗan akwatin da ke raba intanet a gida, a bangon falo. Malamar Alƙur'ani ce. Daga ɗakinta take koyar da 'ya'yan mutanenmu da ke zaune ƙasashen waje ta bidiyo, yara goma sha bakwai, kowa da lokacinsa. Ta gaya mini a da sai yaro ya ja aya rabi muryar ta yanke, ba ta san ko ya ba harafi haƙƙinsa ba. Ranar farko da ta yi darasi da faibarmu, ta kira ni ta ce har numfashin yaron take ji.

Ɗayyaba ba ta iso Argungu ba sai tsakiyar Yuli, sati shida bayanmu. Babu rumfa, babu kiɗa. Gidaje arba'in da 'yan kai ta samu, yawancinsu dangi da abokan mahaifinta.

Ruwan Agusta na shekarar ya yi yawa. Kwana tara a jere ana yi, sannan gulbi ya ƙaru daga sama. Ranar wata Talata, ina karyawa, wayata ta fara ƙara ba tsayawa. Argungu duka ta ɗauke. Na bar kokon a kofi na ɗauki mota.

Tun daga nesa na gane. Rafin Giginya ya zama gulbi, ruwa ja yana gudu, faɗinsa ya fi filin ƙwallo uku. Titin yana nan, motoci na lallaɓawa ta gefe ɗaya, amma gefen da muka binne kebul babu shi. Ruwa ya kwashe ƙasar da kankaren gaba ɗaya. Na ga guntun kebul ɗinmu ya fito daga gaɓa yana lilo a cikin ruwa, bakinsa a tsinke. Ɗaya bakin kuwa Allah kaɗai ya san inda yake. Da na ɗaga kai, can kan tudu, ga falwayoyin Gulbi a jere sun zagaya bayan ƙauye, ko ɗaya ba ta karkata ba.

Na kira Alhaji Abdussamadu na gaya masa babu abin da za a iya sai ruwa ya janye, sati uku ko huɗu. Sai ya ce, "Shi ke nan, ta cinye Argungu."

Ina ajiye wayar Malama Asiya ta kira. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Malam Munzali, yaushe za ta dawo? Ina da yara huɗu yau bayan la'asar. Biyu daga ciki sati mai zuwa za su yi sauka, iyayensu sun riga sun gayyaci mutane."

Na ce mata muna ƙoƙari. Na zauna a bakin titi na rasa abin yi.

Wajen ƙarfe goma na ga jirgin ruwa yana tahowa daga ɓangaren tudu. Baba Maliki ne a baya yana tuƙi da gora, Ɗayyaba a gaba da rigar aikinta. Duba falwayoyinta suka fito yi. Na so in shige mota kada mu haɗa ido, amma ta riga ta gan ni. Jirgin ya matso gaɓa.

"Injiniya, shigo," in ji ta.

Na shiga ina jiran dattijon ya tuna mini da maganarsa. Sai kawai ya amsa gaisuwata, ya ce in zauna tsakiya kada jirgin ya karkata, ya tura mu cikin ruwa.

Ɗayyaba ta tambaye ni gida nawa ne suka ɗauke. Na ce ɗari biyu da talatin da ɗaya. Ta tambayi inda akwatin haɗinmu na ƙarshe yake ta ɓangaren Birnin Kebbi, da na farko ta ɓangaren Argungu. Na nuna mata. Ta yi ta kallon tazarar da ke tsakaninsu da falwayoyinta, tana motsa baki.

"Kebul ɗina zare ashirin da huɗu gare shi," in ji ta. "Takwas nike amfani da su. Zan ara muku biyu. Mu jawo waya daga akwatinku zuwa falwayata ta nan, ku hau zarena ku zagaye ruwan, can gaba mu sauke ku ku koma naku. In an dage, yau ga za a gama."

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce, "Injiniya, kin san in kika bar mu haka, kafin sati biyu duk gidajen nan naki ne?"

"Na sani. Tun da safe mai tallata yake kirana, ya ce in ba shi mota da fom. Amma ka lissafa. Ma'aikatana tara. Ko mun kwana muna aiki, gida shida muke haɗawa a rana. Yaushe za mu kai ga ɗari biyu? Sauran su zauna wata guda ba komai, suna cewa faibar ma ƙarya ta, gara su koma sayen data. In wannan magana ta zauna a Argungu, ni da ku dut mun yi asara. Kuma garinmu na. Wanda ke sayar da shinkafa ta intanet ɗinku, ɗan ƙanen babana na."

"To me za mu ba ki?"

"Abu biyu. Ku faɗa wa mutanenku gaskiya, cewa kebul ɗinku ya tsinke kuma a kan na Gulbi suke. In ruwa ya janye, kada ku sake binne shi nan." Ta ɗan yi murmushi. "Kuma kada ka ɗauka na daina neman kwastomominku. Gobe ma zan ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ina so dai in same su da intanet a gida, su gwada su zaɓa."

Na kira Alhaji Abdussamadu daga cikin jirgin. Sau uku yana tambayata, "Me take so a ƙarƙashi?" Na ce abin da na faɗa masa shi ke nan. Maganar sanar da kwastomomi ce ta tsaya masa a wuya. Na ce, "Alhaji, ko ba mu faɗa ba, masunta ashirin za su ga aikin nan, kafin la'asar labari ya kai kasuwa." Ya ja dogon numfashi ya ce in yi.

Tsakanin akwatinmu da falwayarta akwai tazarar mita ɗari huɗu, duk gonakin shinkafa ne da ruwa ya shanye. Mota ba ta shiga, mutum ba ya takawa. Nan Baba Maliki ya karɓi aikin. Ya yi kira da murya ɗaya zuwa ƙauyen, kafin rabin awa jirage shida sun fito, da manyan mutane masu ƙarfi da dogayen itatuwa. Muka ɗora nadin kebul a gaɓa muna warwarewa, su kuma suna miƙa bakinsa daga jirgi zuwa jirgi. Dattijon yana tsaye a nasa yana nuna inda za a kafa kowane itace. Ruwan duk iri ɗaya ne a idona, amma shi sai ya ce, "Ba nan ba, nan rami na. Matsa hagu, akwai kunyar gonar Tamba a ƙasa." A soka itace, sai ka ji ya kama ƙasa mai tauri. Itace goma sha ɗaya aka kafa, aka rataye kebul sama da ruwa. Aka sake yin haka a ɗaya ɓangaren, inda tazarar ba ta kai haka ba.

Aka yi azahar a kan tudu, aka ci ɗanwake da wata mata ta kawo daga ƙauyen. Saura aiki mafi haɗari. Dole a buɗe akwatin haɗin Gulbi, a nemo zare biyu marasa aiki a cikin ashirin da huɗu, a yanke su a haɗa da namu. Takwas daga cikin sauran suna ɗauke da kwastomominta a daidai lokacin. Hannu ya goce kaɗan, ita ma Argungunta ta ɗauke. Na ce ta bari in yi, tunda matsalarmu ce.

"A'a," in ji ta. "Akwatina ba wanda ke buɗe shi sai ni. In ya lalace, in san ni na lalata."

Akwatin farko a kan tudu yake, wannan bai ba da wahala ba. Na biyun kuwa falwayarsa tana inda layinta ya sauko zai koma titi, kuma ruwa ya kewaye gindinta har ƙugu. Aka sauko da akwatin da ragowar kebul ɗinsa zuwa cikin jirgin Baba Maliki. Aka ɗaure jirgin a jikin falwayar, masunta biyu suka shiga ruwa suka riƙe shi ta kowane gefe. Ɗayyaba ta zauna a tsakiya, ta ɗora na'urar a kan wani katako bisa gwiwoyinta. Hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗawa. Ni da wani ma'aikacinta muka riƙe tamfol a kanta.

Ta buɗe akwatin a hankali. Ta bi zaren da kallo, ta ware shuɗi da ruwan lemo na bututu na uku cikin ƙananan bututun da ke ƙunshe da zaren, ta sake dubawa a littafinta, sannan ta yanke. Ta fere, ta goge. Tana shirin jera na farko a na'ura sai wata babbar mota ta ratsa ruwan da ke kan titi, igiyar ruwa ta taho ta ɗaga jirgin. Ita kuwa hannayenta kawai ta ɗaga sama da zaren a tsakanin yatsu, ta tsaya cak kamar an dasa ta, har ruwan ya lafa.

"Baba, in wata na tahowa ka faɗa min," in ji ta.

"Ina kallo, ɗiyata. Yi aikinki."

Ta haɗa na farko. Yayyafi ya fara sauka a kan tamfol. Ta haɗa na biyu, ta duba lambar da na'urar ta nuna ta ingancin haɗin, ta girgiza kai. A wurina lambar ta yi, da ni ne da na rufe akwatin. Ita ta karya haɗin ta sake daga farko, ruwa yana ɗiga daga gefen tamfol a kan kafaɗarta. Karo na biyu lambar ta fito yadda take so. Ta jera zaren, ta rufe akwatin ta ɗaure, sannan ta ce in kira ofishinmu.

Na kira. Ma'aikacinmu da ke gaban allo a Birnin Kebbi ya ce in dakata. Na ji yana danne-danne. Sai ya ɗaga murya, "Oga, gidajen suna dawowa! Hamsin, tamanin, ɗari da ashirin, suna ta hawa!"

Masuntan da ke cikin ruwa ba su san me ake ƙirgawa ba, amma da suka ga fuskata suka yi kabbara. Ɗayyaba ta kira nata ofishin ta tabbatar ko gida ɗaya nata bai ɗauke ba, sannan ta jingina da falwayar ta rufe ido.

Ƙarfe huɗu da kwata saƙon Malama Asiya ya shigo wayata: "Ta dawo. Mun fara darasi. Allah ya saka."

Washegari muka tura wa duk kwastomominmu na Argungu saƙo kamar yadda muka yi alkawari. Alhaji Abdussamadu da kansa ya rubuta shi, ya goge ya sake ya fi sau biyar, amma a ƙarshe bai rage komai daga gaskiyar ba. Ranar Juma'a ya sa babbar riga ya ce in raka shi Argungu. Muka je gidan Baba Maliki, ya cire takalmi ya durƙusa ya yi godiya. Dattijon ya sa aka kawo mana gasasshen kifi, ya yi ta ba Alhaji labarin manyan ruwayen da ya gani tun yana saurayi. Alhaji ya zauna a tabarma awa biyu cur yana saurare, wayarsa a aljihu.

Kwana ashirin da shida muka yi a kan zarenta. Ita kuma ta cika ɗaya maganar tata, kullum ma'aikatanta suna bin gidajen kwastomominmu ɗaya bayan ɗaya. Da ruwa ya janye muka kafa namu falwayoyin, muka bi tudu, nesa kaɗan da nata. Kafin ƙarshen shekara kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajenmu na Argungu sun koma Gulbi. Malama Asiya tana cikinsu. Ita da kanta ta kira ni ta faɗa mini, ta ce kada in ji a bakin wani.

"Ba ku yi min laifi ba, Malam Munzali," in ji ta. "Amma na ji yadda anka yi aikin ranar nan. Ina so abin da nike biya ya tafi wajenta."

Na ce mata ta yi daidai, kuma har zuciyata na faɗa.

Daga baya shugabanninmu na Abuja suka aiko a tambayi Ɗayyaba ko za ta sayar musu da Gulbi, ta zama babbar injiniyarsu ta shiyya. Ta ba ɗan aiken lemo mai sanyi, ta ce a gaishe su, ba ta sayarwa.

Har yanzu ina Walƙiya, har yanzu muna fafatawa. Watan jiya aka gama wasu sababbin gidaje sittin a bayan Gwadangaji, mu da ita muka nema, masu gidajen suka zaɓe mu. Wannan ne karo na farko da muka ci wani abu a unguwarta. Da yamma ina hanyar gida wayata ta yi ƙara, na ga sunanta, na faka a gefen titi.

"Injiniya, na ji labari. Barka," in ji ta. "Na bi ta wurin ɗazu na ga yadda kunka ja wayar layin farko. Aikin ya yi kyau."

Na yi mata godiya. Na tambaye ta jikin Baba, ta ce yana can bakin gulbi yana gyaran jirgi, ya ƙi zama. Sannan ta ce in gaida yayata, ta ajiye waya.